Kyamarar Gida Da Ta Ƙwararru: Suna Ɗaya, Hoto Daban-Daban

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Janairu, babu sana'ar da kasuwarta ke buɗewa a ƙasar Kafanchan kamar ta masu ɗaukar hoton bidiyo. A lokacin ne 'yan ƙasa da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas ke komowa gida, a ɗaura aure, a yi taron dangi da na ƙungiyoyin ci gaban gari, sa'an nan ran 1 ga watan Janairu jama'a su ɗunguma zuwa Kagoro domin bikin Afan. Kowane taro kuwa sai an ga masu kyamara suna kai da kawowa. Wani da 'yar ƙarama wadda tafin hannu ya rufe ta, wani da wayar salula, wani kuma da zungureriya a kafaɗa, yaronsa na biye da shi riƙe da abin girke ta mai ƙafa uku.

Duk wanda aka tambaya a cikinsu amsarsa ɗaya ce, watau HD yake ɗauka, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Amma kuɗin aikinsu ya sha bamban, haka nan idan aka kawo hoton aka sa a babban talabijin, sai a tarar na wani garau, na wani kuwa fuskokin mutane sun dushe, rigar amarya ta zama farin fili babu ko alamar ɗinki. To, tun da sunan ɗaya ne, daga ina bambancin ya fito?

Wannan tambaya ta shafi mutum biyu. Na farko shi ne mai biki, wanda ba za a sake ɗaura auren 'yarsa gobe ba don hoto ya lalace. Na biyu kuwa shi ne saurayin da ya tara kuɗin cittar da ya noma, yana so ya sayi kyamara ya kama sana'a, alhali tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya.

ABIN DA HD KE NUFI

Hoton bidiyo ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo da haskensa da launinsa. Hoton talabijin na da, wanda aka saba da shi a ƙasar nan, idan aka mai da shi na zamani yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimla 414,720 ke nan. Cikakken HD kuwa yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600, ninki biyar na wancan. Wanda ake kira 4K ya ninka HD sau huɗu.

Iyakar alkawarin da harufan nan biyu suka ɗauka ke nan: yawan ɗigo. Ba su ce kome ba game da gilashin da haske ya ratsa, ko girman farantin da ya karɓi hasken, ko abin da kyamara ta zubar kafin ta adana hoton a kati. Buhu biyu na iya zama mudu ɗaya ta wajen awo, amma ɗaya tsaba ce, ɗaya rabinsa ƙaiƙayi.

YADDA AKA FARO

A da ba a gardama kan wannan al'amari, domin tazarar a fili take. Sa'ad da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna cikin 1962, da lokacin da tashar Jihar Binuwai-Filato da ke Jos ta soma watsa hoto mai launi cikin 1975, kafin kowace tasha a Nijeriya, kyamara kayan gwamnati ce, sai ma'aikacin da aka horar ke taɓa ta. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS cikin 1976 domin gidaje, Sony kuma ya fito da Betacam cikin 1982 domin tashoshi. Ko yaro ya kalli hoton waɗannan biyu ya san wanne ne na gidan talabijin.

Duk da haka da kayan gidan nan aka kafa babbar sana'a. Fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano cikin 1990, da Living in Bondage na kudu cikin 1992, duk a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, jama'a kuma suka yi rububinsu ba tare da sun damu da dishi-dishin hoton ba.

Cikin 2003 JVC ya sayar da kyamarar HD ta farko da aka yi domin mutumin gida. Cikin 2006 Sony da Panasonic suka haɗa kai suka fito da tsarin AVCHD, wanda ya sa ƙananan kyamarori suka yi sallama da kaset. Tun daga nan harufan HD suka hau jikin ta araha da ta tsada baki ɗaya, mai saye kuwa ya shiga ruɗu.

GWAJI A MATSIRGA

Idan aka zaunar da mutum a inuwar mangwaro da hantsi, aka girke kyamara biyu a gabansa, ta gida da ta ƙwararru, da wuya mai kallo ya bambanta hotonsu. Haske ya wadata, babu motsi, babu abin da zai wahalar da na'ura. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Wurin da miya ke ƙarewa kuwa yana nan kusa. A Madakiya, wadda Bajju ke kira Batadon, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, akwai mafaɗar ruwa ta Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke zubowa daga tsayin kusan mita 30. Angwaye da amare da mawaƙa kan je can ɗaukar hoto. Babu ɗakin gwaji da ya fi wannan wuri tona asirin kyamara, domin ya tara abin da ya fi ba ta wuya: ruwa fari fat yana ƙyalli a rana, dutse baƙi a inuwa, ga kuma fuskar mutum a tsakani.

Idon ɗan Adam yana ganin ukun a lokaci guda. Kyamara kuwa tana da iyaka tsakanin mafi duhun abin da za ta iya nunawa da mafi haskensa. Masu sana'a kan auna wannan da mataki-mataki, kowane mataki ninki biyu ne na hasken wanda ke ƙasa da shi. Kamfanin Arri na Jamus ya ce kyamararsa Alexa, wadda ta fito cikin 2010 aka yi manyan finafinan duniya da ita, tana riƙe mataki 14. Ƙaramar kyamarar gida ba ta kusa da haka, sabo da haka tilas ta zaɓi ɗaya. In ta bi ruwa, fuska ta yi duhu har ba a gane mai ita. In ta bi fuska, ruwan ya ƙone ya zama kamar farar takarda. Abin da ya ƙone kuwa babu kwamfutar da za ta dawo da shi, domin ba a adana shi ba tun farko.

Wannan matsala ta fi taɓa baƙar fata. Kyamarar da aka bari ta saita kanta takan duba hoton gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki, don haka duk sa'ad da farin abu ya yi yawa, ko ruwa ne ko rigar amarya ko babbar rigar shadda a hawan Sallar Sarkin Jama'a, sai ta rage haske, fuskoki su tafi. Abin ma yana da tarihi. Shekaru da yawa kamfanin Kodak na Amurka yana aika wa masu wankin hoto kati mai hoton Baturiya domin su daidaita launi da shi, sai a shekarun 1990 ya fito da kati mai mata masu fata iri-iri. Maganin abin a yau shi ne mai ɗauka ya karɓe ikon daga hannun na'ura, ya auna haske a kan fuska. Kyamarar ƙwararru ta tanadi wannan: akwai zobe a jikin gilashi na buɗe ido da tsuke shi, akwai baƙin gilashi a ciki mai aikin tabarau wanda ake saukarwa in rana ta yi yawa, akwai kuma zane-zanen da ke bayyana a allo su gargaɗi mai ɗauka cewa wuri kaza ya fara ƙonewa. A ta gida, ko akwai waɗannan, an binne su cikin jerin rubutu, kafin mutum ya lalubo su amarya ta wuce.

RUWA DA ƘURA

Matsirga tana da jarrabawa ta biyu, ita ce motsi. Hoton HD ɗanye, wanda ba a matse ba, yana cin fiye da megabit 800 a kowane sakan, da wuya ƙaramin kati ya iya da shi. Don haka kusan kowace kyamara tana matse hoto. Dabarar da aka fi yi ita ce a adana cikakken hoto ɗaya, sa'an nan a waɗanda ke biye a rubuta abin da ya canja kawai. Idan fasto ko limami ne ke tsaye yana wa'azi, bango bai motsa ba, abin rubutawa kaɗan ne. Amma ruwa mai zubowa kowane ɗigonsa canjawa yake yi. Haka ƙurar da maharba ke tayarwa a filin Afan, haka ganyen itace in iska na kaɗawa. A nan ne kyamarar da aka ba ta ƙaramin awo ke gazawa, sai a ga ruwan ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar tabarma.

Tsarin AVCHD ya fara da iyakar megabit 24 a sakan, daga baya aka kai 28, kuma yawancin masu ita kan rage ta ƙasa da haka domin kati ya daɗe. A shekarun da HD ke kankama, tashoshin Ingila, har da BBC, sun sa ƙa'ida cewa shirin da za a kawo musu kada ya gaza megabit 50. Lissafin a nan mai sauƙi ne: awa ɗaya a megabit 24 tana cin kusan gigabait 11, a megabit 50 kuwa kusan 22 da rabi. Mai aikin da ya zo biki da ƙaramin kati ɗaya ya ce zai wuni yana ɗauka, to lalle ya riga ya yanke shawarar zubar da rabin hoton. Sai dai a lura, dabarun matsewa na yanzu sun fi na da iya tattali, don haka lambar ita kaɗai ba ta isa hukunci ba sai an san tsarin da aka yi amfani da shi.

BAYAN FAƊUWAR RANA

Yawancin shagalin biki da dare ake yinsa, haka addu'ar shiga sabuwar shekara a majami'u, a ƙarƙashin 'yan ƙwayaye biyu ko uku da janareta ke ja. A nan girman farantin karɓar haske, wanda masu sana'a ke kira sensa, shi ne kome.

A ɗauka gona ce za a raba wa magada miliyan biyu. In gonar ƙarama ce, kowa zai sami abin da bai kai taki ɗaya ba. In babba ce, kowa ya sami abin nomawa. Haka ɗigon HD miliyan biyu ke raba hasken da ya faɗa kan faranti. A ƙananan kyamarorin gida na araha, farantin daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 3 ne da ɗan ɗoriya, bai fi ƙwayar dawa ba. A kyamarar kafaɗa ta gidan talabijin milimita 11 ne, faɗinsa ya ninka wancan fiye da sau goma, kuma guda uku ne a ciki, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Akwai wanda ake kira inci ɗaya, mai milimita 13.2 da 8.8, akwai kuma babba mai milimita 36 da 24, kamar girman kan sarki.

Idan haske ya yi ƙaranci, ƙaramin faranti ba ya da abin yi sai ya ƙara ƙarfin lantarki, kamar mai murɗa rediyo a tashar da ba ta kamu sosai ba: murya ta ƙaru, shuu ɗin ma ya ƙaru. Shi ne ake ganin hoto yana tsatstsafi kamar an watsa masa yashi. Sa'an nan na'urar ta yi ƙoƙarin goge yashin, ta haɗa da layin fuska da adon zane ta shafe. Wayar salula ta fi kowa wannan hali, domin tana iya yin abin mamaki a hoto marar motsi da dare, amma a bidiyo da zarar masu rawa sun motsa sai su zama inuwa.

Amma fa a nan akwai abin lura. Fitila ɗaya mai kyau da aka girke inda ya dace takan ɗaga hoton ƙaramar kyamara fiye da yadda ƙarin kuɗi mai yawa zai ɗaga shi. Babbar kyamara ma a cikin duhu ba ta yin sihiri.

LAUNIN ZANE

Duk wanda ya ga matan zumunta sun fito da zanensu iri ɗaya, ko ya ga masu rawar gargajiya a bikin Tuk Ham na Kwoi wajen Ista, ya san launi shi ne rabin kwalliyar taro. Idon mutum ya fi kula da haske a kan launi, sai masu ƙera na'ura suka yi amfani da wannan domin tsimi. Kyamarar gida kan adana haske na kowane ɗigo, amma launi ɗaya take adana wa kowane ɗigo huɗu. Wannan shi ake rubutawa 4:2:0. Ta ƙwararru kan adana launi ɗaya ga kowane ɗigo biyu, shi ne 4:2:2. Inda jan zare ya haɗu da shuɗi a jikin zane, a nan ake ganin na farkon yana zuba kamar rini bai kama ba.

Haka nan akwai zurfin launi. Mai bit 8 tana da hawa 256 daga duhu zuwa haske a kowane launi, mai bit 10 kuwa 1,024. Sararin sama na hunturu, wanda hazo ya sa yake sauyawa a hankali daga fari zuwa toka, a bit 8 yakan fito layi-layi, musamman idan mai tacewa ya taɓa shi domin ya gyara fuskokin da suka yi duhu. Amfanin bit 10 a wurin gyara yake. Wanda ba ya gyara launi, daga kati sai waya, kaɗan zai more shi.

'YAN UWA BIYU

Akwai wani misali da ke nuna cewa kalmar "ta ƙwararru" ba kullum take nufin hoto mafi kyau ba. A ƙarshen 2004 Sony ya fito da HDR-FX1 domin mutanen gida masu hali, ba da jimawa ba kuma ya fito da HVR-Z1 domin masu sana'a, a farashi mafi tsada. Gilashinsu ɗaya, farantinsu uku iri ɗaya, kaset ɗinsu ɗaya, awon matsewarsu megabit 25. Hotonsu kusan ba ya rabuwa. Abin da mai Z1 ya biya shi ne kafofin makirufo irin na masu sana'a, da agogon da ke sa a daidaita kyamara biyu wajen tacewa, da ikon juyawa tsakanin tsarin Turai da na Amurka, da ƙarin hanyoyin saiti.

Watau rabin abin da ake saye a kyamarar ƙwararru iko ne da amana. Ta fuskar sauti abin ya fi fitowa. Makirufon da ke jikin ƙaramar kyamara abin da ya fi kusa yake ji: iskar hunturu, kukan janareta, numfashin mai ɗauka. A Matsirga rugugin ruwa kaɗai zai kama. Jama'a kan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙura da jawabin uban amarya da ba a ji. Ta ƙwararru ana iya ja mata waya daga na'urar lasifikar majami'a, ko a maƙala wa mai magana ƙaramin makirufo, mai ɗauka yana saurare a kunne. Da yawansu kuma suna ɗaukar kati biyu su rubuta a dukansu lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗaya na nan. Batirinsu na jure awoyi, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

TAZARA TA RAGU

Cikin 2008 kamfanin Canon ya fito da 5D Mark II, kyamarar hoto marar motsi mai babban faranti wadda kuma ke ɗaukar bidiyon HD. Cikin 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na wasan talabijin ɗin Amurka mai suna House da ita. Cikin 2015 fim ɗin Tangerine, wanda aka ɗauka da wayar iPhone 5s, ya shiga bikin finafinai na Sundance. Irin waɗannan labarai ne ke sa samari cewa yanzu babu bambanci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda suka riƙe na'urorin ƙwararru ne, sun san haske, suna da ƙarin gilashi, kuma suna da damar su sake ɗauka in bai yi ba. Mai ɗaukar biki ba shi da wannan dama.

Manyan masu saye kuwa ba su sassauta ba. Kamfanin Netflix yana da jerin kyamarorin da ya amince da su, kuma a finafinan da ya ɗauki nauyi yana so kashi 90 cikin 100 a ɗauke shi da su. A gida ma allo ya canja. An ƙaddamar da watsa talabijin na dijital a Jos ran 30 ga Afrilu 2016, a Kaduna kuma cikin Disamba 2017, ga manyan talabijin shafaffu sun shiga gidaje, suna bayyana duk aibin da tsohuwar akwati ke rufewa.

Ta ɗaya gefen kuma, yawancin bidiyon biki a WhatsApp da Facebook yake ƙarewa, su kuwa sukan sake matse shi su rage masa nauyi. Hoton da aka ɗauka da kyamara mai tsada in ya bi ta waya uku ko huɗu, shi da na ƙaramar kyamara sun zama ɗaya. Sabo da haka kafin a tambayi wace kyamara, ya kamata a tambayi ina za a kalla, kuma har yaushe ake so ya daɗe.

GA MAI BIKI DA MAI SAYE

Mai biki kada girman kyamara ya ruɗe shi, domin akwai tsofaffin na kafaɗa da wayar zamani ta fi su hoto. Gani ya kori ji. Ya ce a nuna masa aikin da mai ɗaukar ya taɓa yi, ba gajeren talla mai kiɗa ba, cikakken biki, musamman ɓangaren dare da wurin jawabi, kuma a babban talabijin. Ya tambaya ko zai zo da fitila, da makirufo na daban, da kati nawa. Ya kuma sa cikin sharaɗi tun farko cewa za a ba shi ainihin abin da aka ɗauka a ma'ajin kwamfuta, ba wanda aka turo ta waya kawai ba.

Mai shirin kama sana'a kuwa kada ya zuba duk jarinsa a kyamara. Matsakaiciya mai farantin inci ɗaya ko fiye, wadda ke karɓar makirufo kuma ake iya saita ta da hannu, tare da mai ƙafa uku da fitila da batir na ƙari, ta fi babba tsirara amfani. Idan ta hannu zai saya, ya bincika ƙasar da aka yi wa ita. Wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a sakan, hoton talabijin ɗinta 25 ne a sakan, ta Amurka kuwa 60 da 30. Kyamarar da aka yi wa kasuwar Amurka takan sa hoto ya riƙa ƙyafƙyafta a ƙarƙashin waɗansu fitilu, sai in ana iya juya ta ko an san yadda ake daidaita ta. Ya kuma sani yawancin tsofaffin kyamarorin hoto marar motsi kan tsaya da kansu kafin minti 30 ya cika, waɗansu kuma zafi kan kashe su, ga shi huɗubar aure ba ta jiran kowa. Aikin da ya fi ƙarfin kayansa, haya ta fi masa bashi.

Abin da ya fi duka araha kuwa shi ne koyo. Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1979, tana Jos tare da makarantarta ta koyar da aikin fim, tafiyar 'yan awoyi daga Kafanchan. Wanda bai sami wannan ba, ya ɗauki kyamararsa ya tafi Matsirga da safe, ya koma da rana tsaka, ya koma da yamma, yana saita ta da hannu har ya ga ruwa da dutse da fuska sun fito tare.

ABIN DA ZA A BAR WA NA BAYA

Marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, marigayi Agwam Bajju Malam Nuhu Bature kuma ya rasu cikin 2021. Duk abin da aka ɗauka na zamaninsu, yadda aka ɗauke shi haka zai zauna, babu mai ƙara masa ɗigo ɗaya. Wanda ke kan kaset ma yana cikin haɗari, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina cikin 2016, ga laimar daminar kudancin Kaduna tana sa kaset fumfuna. Duk gidan da ke da irin wannan kaset, wajibi ne ya gaggauta juye shi a kwamfuta.

Haka al'amarin yake ga dattawan da ke raye yau, masu waƙoƙi da kirari da tarihin kaka da kakanni cikin harsunan Jju da Tyap da Gworok da Hyam. Hoton gaisuwar ranar haihuwa waya ta ishe shi. Amma ranar da za a ɗauki dattijo yana ba da tarihin garinsu, ko bikin da sau ɗaya ake yinsa a shekara, ya kamata ƙungiyoyin ci gaban gari da fadojin sarakuna su nemi mafi kyawun kaya da mafi gwanintar hannu da za su iya biya, su karɓi ainihin hoton, su ajiye shi a wuri biyu dabam-dabam, su kuma riƙa juye shi a sabon ma'aji bayan 'yan shekaru. Araha ba ta ado, balle a abin da jikoki za su nema. Allah Ya sa a dace.